Ranar da Aka Mayar da Agogo Baya

A daren da ya wayi 1 ga Nuwamba 2017 gwamnatin Sudan ta mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya. Tun watan Janairun 2000 muke tafiya daidai da agogon Makka, awa uku gaba da GMT, tsarin da mutanen nan suke kira bukur, wato sammako. Shekara 17 ana gunaguni a kansa, musamman iyayen da yaransu ke fita makaranta cikin duhu a lokacin sanyi. Da aka soke shi sai muka koma awa biyu gaba da GMT, tazarar da ke tsakaninmu da Kano ta ragu daga awa biyu zuwa ɗaya. Ga yawancin mutane abin bai wuce a sauko da agogon bango a juya allurarsa ba. A gidan rediyon da nake aiki kuwa, wannan awa ɗaya ta tona asirin wata manhaja da muka daɗe muna dogaro da ita, kuma ita ce ta koya mini darajar wani irin aiki da ba a yaba wa mai yin sa.

Ni haifaffen Sahafa ne, unguwar da ke kudancin Khartum kusa da babbar kasuwar kayan gwari da tashar motocin dogon zango. Sunan unguwar da Larabci yana nufin aikin jarida, shi ya sa abokaina suke tsokanata cewa tun daga haihuwa aka yanke mini sana'a. Bayan na gama difloma sai na samu aiki a wata ƙaramar tasha, ina tsallaka kogi zuwa Umdurman kowace safiya, garin da rediyon ƙasar ya fara magana daga cikinsa a 1940. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirufo ya san cewa dukiyarmu lokaci ce. Mai talla minti yake saya, mai sauraro kuma da muryarmu yake saita girkinsa da fitarsa.

Muna da wata manhaja da ake buɗewa a burauza, inda kowa ke rubuta matsalar da ya gamu da ita: makirufo ya yi shiru, janareto ya ƙi tashi, talla ba ta fita a kan kari ba, layin wayar masu kira ya katse. Kowace matsala tana samun lamba, da sunan wanda aka ɗora wa gyaranta, da lokacin da aka rubuta ta, da lokacin da aka rufe. An gina ta ne a kan Bugzilla, manhajar da Terry Weissman ya rubuta wa Mozilla aka sake ta kyauta a 1998 don masu haɗa manhajoji su riƙa bibiyar kurakuransu. Ba don ƙwarewa aka zaɓe ta ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997, wanda ba a ɗage shi ba sai Oktoban 2017, ya sa sayen manhajojin kamfanonin can ya zama wahala, don haka abin da za ka sauke kyauta ka ajiye a kwamfutarka shi ne abin hannu. A tsawon shekaru ma'aikatan fasaha daban-daban suka yi ta ɗora mata ƙari: wannan ya haɗa mata saƙon waya ga injiniyan da ke bakin aiki, wancan ya haɗa mata rahoton wata na masu talla. Kowa ya yi nasa ya tafi.

Washegarin sauyin agogo sai manhajar ta rabu biyu. Wasu shafukan suna nuna lokaci daidai, wasu suna gaba da awa ɗaya. Saƙon da ke tashin injiniyan safe ya iso kafin lokacinsa. Mafi muni shi ne rahoton masu talla. Wata talla da aka rubuta cewa ta makara da ƙarfe bakwai, rahoton ya nuna takwas, lokacin da tallar wani ɗan kasuwa dabam ke fita. Ya zo da takarda a hannu yana neman a mayar masa da kuɗinsa, alhali tasa tallar ta fita lafiya lau. Da a ce komai ne ya karkace da awa ɗaya, da sauƙi, sai kowa ya riƙa ragewa a kansa. Abin da ya rikita mu shi ne ba mu san shafin da za mu gaskata ba.

Mai kula da kwamfutocinmu a lokacin ɗan kawuna ne, ƙanina, yaro mai ƙarancin magana. Na same shi a ɗakinsa na ce ya yi mini bayani da harshen mutane. Ya ce, "Yaya, kowace manhaja tana da abubuwa iri biyu a cikinta. Akwai aikin da take yi, akwai kuma saitinta, wato amsoshin da take buƙata daga wurinmu: wane gari muke, wace rana ce hutu, wace lamba za a kira. Mutanen da suka gabace ni, duk inda suka buƙaci lokaci sai su rubuta a ƙara uku a kan GMT, a nan wurin, da hannu. Na ƙirga wuri goma sha huɗu ya zuwa yanzu." Shafukan da suka yi daidai su ne waɗanda ke tambayar kwamfutar ita kanta ƙarfe nawa. Sauran sun haddace amsar tun zamanin bukur suna ta maimaita ta.

Na gane maganarsa nan take, domin irin wannan haddar muna da ita a rediyo. Idan ka naɗi sanarwa ka faɗi lokacin shiri a cikinta, ranar da aka matsar da shirin sai ka bi kaset-kaset kana neman duk inda ka faɗa. Gogaggun masu gabatarwa shi ya sa suke cewa "bayan labaran yamma", su bar jadawali ya faɗi ko ƙarfe nawa ne.

Gyara iri biyu ne a gabansa. Na farko, ya bi wuraren nan goma sha huɗu ya mayar da uku ya zama biyu, aikin yini ɗaya. Na biyu, ya kwashe duk irin waɗannan amsoshi daga cikin rubutun manhajar ya tara su a fayil guda, kowace da sunanta, sauran sassan su riƙa zuwa nan suna tambaya. Ya yi na farkon don a samu a numfasa, sannan ya nemi a ba shi mako uku ya yi na biyun. Masu sana'ar suna da suna na musamman ga wannan aiki, kuma Martin Fowler ya rubuta littafi guda a kansa a 1999 mai suna Refactoring. Ma'anarsa sake kintsa cikin manhaja ba tare da abin da take yi ya sauya ko kaɗan ba. Ni ina kiransa gyaran ciki.

Shugaban tashar bai ji daɗin maganar ba, kuma ina ganin tambayarsa tana kan hanya. Ya ce, "Bayan mako ukun nan, me zan gani wanda ba na gani yau?" Ƙanina ya ce, "Ustaz, in na yi aikin daidai, ba za ka ga komai ba." Kowa ya yi dariya ban da shugaban. Mutum ne da ke biyan albashi daga kuɗin talla, man janareto yana ta tsada, ga kwamfutar ɗakin shirye-shirye tana jiran gyara. Sannan duk wanda ya taɓa abin da ke aiki yana iya ɓata shi. Abin da ya shawo kansa ita ce takardar ɗan kasuwan nan da ke kan teburinsa. Na ce masa, "Ustaz, an sauya agogo a 2000, an sauya a 2017. Wa ya ba mu tabbacin an gama?" Ya amince, da sharaɗin yaron ya riƙa yin aikin bayan shirin dare.

Na zauna da shi dare da dama, kuma yadda ya bi aikin ya fi sakamakon burge ni. Kafin ya taɓa komai sai da ya fitar da rahotannin wata guda ya adana, su zama ma'auni. Daga nan sai ya ɗauki saiti ɗaya tak, ya mayar da shi sabon fayil, ya sake fitar da rahotannin ya gwada da na farko layi bayan layi. In sun yi daidai ya wuce, in harafi ɗaya ya bambanta ya koma baya. A hanya ya yi ta cin karo da wasu kurakurai, amma bai gyara su a lokacin ba, sai ya buɗe wa kowanne lamba a cikin manhajar ya ci gaba. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya haɗa kwashe kaya da gyaran kaya, ranar da wani abu ya fashe ba zai san wanne ne ya fasa shi ba.

Abubuwan da ya tono tarihin ƙasar ne a dunƙule. Akwai inda aka rubuta cewa Juma'a kaɗai ce ranar hutu, tun kafin 2008 da aka ƙara Asabar, shi ya sa manhajar ke lissafa wa injiniyoyi makara a ranar da ba sa aiki. Akwai inda ake liƙa wa kowace lambar waya 249 a gaba, saboda wanda ya rubuta bai taɓa tunanin Juba za ta zama babban birnin wata ƙasa mai lamba 211 ba, kamar yadda ya faru bayan 9 ga Yulin 2011. Akwai kalmar sirrin rumbun bayanai a rubuce a fili cikin fayiloli uku. Ya ware wannan ya ajiye ta dabam, inda ba kowa ke kaiwa ba. Ba wanda ya yi waɗannan da mugunta. Kowa ya rubuta duniya yadda ya same ta a ranar, yana ganin haka za ta dawwama.

A batun lokaci kuwa, bai rubuta biyu a madadin uku ba. Ya sa manhajar ta riƙa adana komai da agogon GMT, sannan a fayil ɗin saiti ya rubuta sunan wuri: Africa/Khartoum. Akwai wani kundi na duniya da ke ƙarƙashin hukumar IANA, wanda Paul Eggert ke jagorantar kula da shi, inda ake rubuta agogon kowane yanki da duk sauyin da aka taɓa yi masa. Kwamfutoci da wayoyi daga nan suke sha. A cikin kundin, kafin 2017 Juba tana bin layin Khartum ne kawai, tun da agogonsu ɗaya. Da muka koma baya su ba su koma ba, sai aka raba musu layi, kuma da Sudan ta Kudu ta yi nata sauyin a Fabrairun 2021 nata layin kaɗai aka taɓa. Duk mai sauraron sashen Hausa na BBC ya san wannan dabara tun yana yaro: a faɗi agogon GMT, sannan a faɗi na Najeriya da Nijar. Su ma masu Bugzilla sun sha irin wannan aiki a gidansu. Sun yi shekaru suna kwashe kayan wani tsohon fayil mai suna globals.pl da kowane sashe ke tsoma hannu a ciki, har suka rabu da shi a fitowa ta 3.0 a 2007.

Da ya gama, ba wanda ya lura. Ba a yi masa ƙarin albashi ba, ba a ambace shi a taron ma'aikata ba. Fayil ne mai layi kamar arba'in, kowane layi da ɗan bayani a samansa da Larabci, don wanda zai gaje shi.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Sahafa tana kudu da filin jirgin sama, ba mu da nisa da inda aka fara. Cikin 'yan makonni ma'aikatan tashar suka watse: wasu Madani, wasu Gadarif, wasu Alƙahira, wasu Kampala, ɗaya ya bi ta Chadi har Kano wurin dangin kakanninsa. Ƙanina ya fita da kwafin manhajar a ƙaramin faifai cikin aljihu. A Madani ya ɗora ta a kan wata kwamfutar haya ta intanet, ya buɗe fayil ɗin nan ya sauya layi kaɗan, adireshi da akwatin imel da lambobin waya, kafin la'asar tana aiki. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara muka sake gudu, ita kuwa ba ta motsa ba. Muka koma shirya gajerun shirye-shirye da wayoyinmu muna tura wa masu sauraro ta WhatsApp da Facebook, manhajar ta zama inda muke rubuta wanda ke da sauti, wanda ke jiran fassara, da kayan aikin da muka baro. Masar ta dawo da agogon bazara a ƙarshen Afrilun 2023, na Kampala yana gaba da mu da awa ɗaya, na Kano yana baya da ɗaya, amma kowa yana ganin lokacin aiki da agogon garin da yake.

Ba zan ce fayil ya ceci kowa ba. Ginin tashar da na'urorinta da tarin muryoyin da muka naɗa na shekaru, babu saitin da ya hana su salwanta. Abin da na sani shi ne, a lokacin da ba mu da wutar lantarki ta awa uku a jere, ba mu da halin bin wuri goma sha huɗu muna neman inda wani ya haddace tsohuwar amsa. Aikin mako ukun nan an yi shi ne lokacin da ake da sukuni, shi ya sa ya yi amfani lokacin da babu.

A garuruwanmu na asali ana yaɓen soro ne da rani, rana tana dukan mai yi, maƙwabta suna wucewa ba su ga abin da ya sauya a gidan ba. Kusan kowace ma'aikata tana da mai irin wannan aiki: akawun da ya tara lambobin asusu a littafi ɗaya, ma'aikaciyar jinyar da ta sake jera magunguna ta rubuta sunan kowanne a jikin kanta. Idan irinsu suka zo neman lokaci don gyaran da ba za a gani ba, kafin a ce musu babu, a tambaye su wuri nawa ne aka rubuta amsa ɗaya, kuma wa zai bi su duka ranar da amsar ta sauya.