Dutsen Shere: Hawa da daɗi, saukowa sai da dabara

Mai karatu, idan ka tsaya a garin Jos da safe ka fuskanci gabas, za ka hango wasu duwatsu sun yi jere, wani kan wani, kamar da hannu aka jibge su. Duwatsun Shere ke nan, kimanin kilomita 10 daga gari. Ƙololuwarsu mafi tsayi ta kai mita 1,829 daga saman teku, kuma babu inda ya fi ta tsayi a duk tudun Jos. A Najeriya ma wurare kaɗan ne suka ɗara ta, irin su Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mai mita 2,419.

Shi garin Jos yana zaune ne a kan mita 1,200 da ɗoriya, wato tsakaninsa da ƙololuwar akwai hawan kusan mita 600, kwatankwacin bene mai hawa 200. Wanda ya saba hawa Dutsen Dala a Kano ta matakala ya dawo cikin rabin awa, to ya sani wannan wani aiki ne daban. Tafiyar yini ce, kuma masu zuwa da yawa sukan so su yi ta a zagaye: a hau ta wani ɓangare, a sauko ta wani. Mai lafiya zai iya, har da matasan gida. Amma ka riƙe abu ɗaya tun daga gida: isa ƙololuwa rabin tafiya ce, kuma rabin da ya rage shi ya fi jikkata mutane.

Abin da za ka gani a hanya

Hanyar zuwa takan bi ta Lamingo, unguwar da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yake, ka wuce madatsun ruwan da ke shayar da gari. A gindin duwatsun akwai makarantar horo ta cibiyar nan da aka fi sani da Man O' War, wadda asalinta tun 1951 a gaɓar teku a Kamaru. Shekara da shekaru ana kai matasa da ma'aikata nan suna koyon juriya da aiki tare.

Yankin ƙasar Afizere ne, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Kafin hanya ta miƙe sama za ka ratsa gonaki da shingayen ƙyarana. Ka gargaɗi yara kada su karya ta, domin farin ruwanta yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa sai asibiti. Ka yi sallama ga mutanen da ka tarar, ka kauce wa shuka, domin turbar da kake bi don nishaɗi ita ce hanyarsu ta zuwa gona da itace.

Da ka fara ɗagawa sai iska ta sauya. A ƙa'ida, kowane mita 1,000 na hawa yakan rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi, saboda haka saman Shere ya fi gari sanyi da kusan digiri 4, ga iska mai kaɗawa. Daga can za ka ga Jos a shimfiɗe, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa suna ƙyalli nan da can. Ruwan da ke sauka a wannan tudu ba wuri ɗaya yake nufa ba: wani ya bi Kogin Kaduna zuwa Neja, wani ya bi Gongola zuwa Binuwai, wani ya nufi Tafkin Chadi. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya samu darasin da allo ba zai ba shi ba. Gani ya kori ji.

Ga kuma amfanin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma minti 60 a kullum. Mazaunin birni da ke fita daga mota ya shiga ofis, ya dawo ya zauna gaban talabijin, da wuya ya cika wannan. Hawan dutse yana ƙarfafa zuciya da huhu da ƙafafu, yana kuma taimakawa wajen daidaita hawan jini da suga.

Me ya sa saukowa ta fi haɗari?

Dalili na farko yana jikin dutsen. Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama suna ɓare fatarsa sannu a hankali, ɓawon ya farfashe ya zama tsakuwa. Wannan tsakuwa tana kwance a kan falalen dutse mai gangara, idan ka taka sai ta mirgina ƙarƙashin takalmi kamar an watsa gero a kan siminti. Da damina kuma gansakuka kan fito inda ruwa ke bi, wurin ya yi baƙi-baƙi, ya yi sulɓi kamar sabulu. A lokacin hawa fuskarka na kallon dutse, idan ƙafa ta zame hannu zai tare. A saukowa kuwa nauyinka ya riga ya nufi ƙasa, ƙafa na zamewa sai jiki ya bi.

Dalili na biyu yana jikinka. Wajen hawa, zuciya da huhu ne ke shan wahala, kuma suna faɗa maka ta hanyar haki. Wajen saukowa naman cinya ne ke aikin birki a kowane taku, gwiwa na ɗaukar nauyin da ya fi na tafiya a fili, kuma ba sa kuka da wuri. Sai can ka ji ƙafa na rawa, ka sa ta inda ba nan ka nufa ba. A nan ake samun targaɗe da karaya. Ciwon cinyar da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ma yawanci na saukowa ne.

Dalili na uku shi ne zagayen kansa. Wanda ya koma ta inda ya hau ya san abin da ke jiransa. Mai zagaye kuwa zai sauko ta hanyar da bai taɓa gani ba, a gajiye, ruwa ya ragu, rana ta karkata. Saboda haka ka nemi ɗan jagora daga mutanen yankin ko daga masu horo a gindin dutsen, da ɗan gari akan ci gari. Ka roƙe shi ku hau ta ɓangaren da ya fi tsayuwa da tsakuwa tun kuna da ƙarfi, ku sauko ta mai sauƙin gangara.

Yadda ake taka gangara

Ka gajarta taku, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, kada ka jingina baya da yawa, domin hakan ne ke sa dunduniya ta kuɓuce. Ka aza tafin ƙafa gaba ɗaya. Inda gangara ta yi tsanani ka bi ta a karkace, dama da hagu, kamar yadda jaki ke yi da kaya. Ka zaɓi dutse busasshe mai kaushi, ka guje wa mai tsakuwa da mai laima. Idan wuri ya gagara a tsaye, ka zauna ka ja jiki da hannu da ƙafa, babu abin kunya a ciki.

A wurin da duwatsu ke kwance sakaka, a riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani. Wanda ya ture dutse ya ɗaga murya nan take. Kowane dutse da za ka dafa ka fara gwada shi. Sanda tana rage wa gwiwa nauyi ƙwarai. Babba ɗaya ya kasance a gaba, wani a baya, yara a tsakiya, kuma a tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni. Ɗaukar hoto a bakin gaɓa kuwa, a haramta wa kowa tun daga ƙasa.

Lokaci da guzuri

Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafi a 1892 da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Iyali mai yara ya ninka shi. Ku fito da sassafe, ku yanke lokacin juyawa tun kafin ku fara, misali ƙarfe 12 na rana, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ƙololuwar da ka ga kamar ta kusa tana iya cin wata awar. Rana kan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da 7, kuma duhu ba ya jinkiri.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, sai dai sanyin hunturu da hazo, don haka a tafi da rigar sanyi, musamman ga mai asma. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, ƙasa ta yi kore shar, amma hadari kan taso da rana ba sallama. Da ka ji tsawa ka bar ƙololuwa, kada ka fake a ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Kowane babba ya ɗauki ruwa lita 2 zuwa 3, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. Dabino, gyaɗa, ayaba da dafaffen dankali sun isa guzuri. Takalmi ya zama kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su zauna a gida. Uwargida da 'yan mata su sa dogon wando a ƙarƙashi, a ɗaure mayafi yadda ba zai rufe ganin ƙafa ba ko ya sarƙe a ƙaya. A haɗa da bandeji, tocila da waya mai caji. Kafin ku tashi ku tambayi halin tsaron yankin a ranar, ku tafi cikin ayari, ku shaida wa wani a gari hanyar da za ku bi da lokacin dawowa.

Wa ya kamata ya dakata?

Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai juna biyu da mai ciwon gwiwa su fara ganin likita. Mai sikila ya yi hattara sosai, domin sanyi, ƙishirwa da gajiya duk suna tayar da ciwon. Mai ciwon suga ya ci abinci kafin ya fara, ya riƙe abin zaƙi a aljihu. Idan haki ya hana ka kammala magana, ka rage sauri. Ciwon ƙirji, jiri ko ganin duhu-duhu kuwa alama ce ta a tsaya a nemi taimako. Ƙananan yara da tsofaffi su tsaya a gindin dutse, ko a kai su Gandun Namun Daji na Jos ko gidan tarihin da aka buɗe a 1952.

Idan an yi targaɗe, a huta, a naɗe da bandeji, a ɗaga ƙafar, kada a murza. Wanda ya kasa yin taku huɗu a kanta yana buƙatar hoton ƙashi kafin a yi maganar ɗori. Wanda ya bugu a kai ya yi amai ko ya rikice, asibiti kai tsaye. Kada a cusa hannu a kogon da ido bai gani ba. Idan maciji ya yi sara, kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko abin hannu, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Lambar gaggawa ita ce 112, sai dai waya ba ko'ina take kamawa a tsakanin duwatsu ba.

Idan kana da niyyar zuwa a hutun yara mai zuwa, ka fara shiri tun yau. Ku riƙa tafiyar minti 30 a unguwa, ku hau bene ku sauko da ƙafa, musamman saukowar, na tsawon mako uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Dutsen Shere yana nan bai gusa ba, wanda ya juya daga rabi bana zai iya ƙarasawa baɗi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.