Suna Linzami: Matasan Fada a Magarya da Dungas

Tun shekarun 1990 matasan ƙasar Damagaram suka ari kalmar fada daga gidan sarauta, suka laƙaba wa dandalin da suke shan shayi da hira. Daga baya wasu gungun samari a birnin Damagaram suka kira nasu palais, wato fada da Faransanci, sunan da ya koma na tashin hankali, kamar yadda fim ɗin Aïcha Macky na 2021 ya nuna a unguwar Kara-Kara. Ma'ana ɗaya ce a ƙamus, amma hukuncin jama'a ya bambanta.

A Magarya da Dungas, saurayin da damina ta sallama yakan tafi cirani Kano, ko ya shiga safarar man fetur ta kan iyaka. Janye tallafin mai a Najeriya da rufe iyaka a 2023 sun karya wannan sana'a, fada ta cika da masu zaman jira.

Nan ne aikin mai kula da matasa yake farawa, kuma da harshe yake farawa. Idan ya kira su zauna-gari-banza, ya rufe ƙofa kafin ya yi sallama. Idan ya zauna kan tabarmarsu, ya girmama shugaban fada, ya saurari karin maganarsu, zancen koyon ɗinki, walda ko noman rani yakan sami kunne.

Ɗalibin ilimin harsuna yana da rabo a wannan aiki: ya tattara kalmomin fada, ya bi diddigin sunayen da ake jifan matasa da su. Wanda aka daɗe ana kira ɗan iska, wata rana zai amsa.