Faifan Moon Spirits, Tsakaninmu Kawai

Ku matso kusa, 'yan uwa, in gaya muku abin da ba kowa nake faɗa wa ba. Akwai wani faifai da nake ji da shi ƙwarai, sunansa Moon Spirits. Wasu Jamusawa biyu ne masu kiran kansu Dance 2 Trance suka fitar da shi a 1992, kuma shi ne kundinsu na fari.

Ba hanya ɗaya ta kawo su ba. Rolf Ellmer, wanda aka fi sani da Jam El Mar, karatun kiɗa ya yi, hannunsa ya faɗa a jita. Shi kuwa DJ Dag a gidan rawa ya goge, musamman Dorian Gray, wanda yake can cikin filin jirgin saman Frankfurt kafin a rufe shi a 2000. Ɗaya ya san yadda ake jera sauti, ɗayan ya san abin da jikin mai rawa ke nema idan asuba ta gabato. A ganina haɗuwar nan ce sirrin faifan.

Na san abin da za ka ce, aboki, wai kiɗan na'ura maimaici ne kawai. To, saurari We Came in Peace, wadda suka fara saki tun 1990, masana da yawa kuma suke lissafa ta cikin waƙoƙin trance na farko-farko. Gangar na'ura tana bugu huɗu-huɗu, ba ta sauya taki. A kanta sai a ɗora ɗan gajeren amo, ya yi ta zagayowa. Can sai wani ya shigo a hankali, ba ka ma san lokacin da ya zauna ba. Kamar masaƙi ne, zare bisa zare, sai ka ɗaga kai ka ga zane ya fito. Wani lokaci su janye gangar ɗungurungum, su bar ka a rataye, har ƙirjinka ya riƙa jiran dawowarta. Wallahi idan ta dawo, tsigar jikina tashi take yi. Mai gaggawa ba zai taɓa jin wannan ba, don daɗin yana wajen minti na biyar ko na shida.

Wadda ta fitar da su duniya ita ce Power of American Natives, da muryar Linda Rocco, ta yi tashe a Turai a 1993. DJ Dag mutum ne mai ƙaunar 'yan asalin Amurka, wannan ƙauna kuma ta ratsa aikinsu. Ina son waƙar, amma zuciyata ta fi karkata ga waɗanda babu baitoci a cikinsu.

Ba su daɗe tare ba. Bayan kundi na biyu, Revival, a 1995, kowa ya kama gabansa, Jam El Mar ya ci gaba da Mark Spoon a Jam & Spoon. Ku nemi na farkon, ku sa abin ji a kunne, ku bar shi ya tafi tun daga farko har ƙarshe. Ranar Juma'a in mun haɗu ina son jin wacce ta kama kowa.