Inda Kaye Ba Ya Raba Gardama

Ranar da na fara leƙa wani ɗakin horo a birnin Rio de Janeiro, na ga wani ƙato ya sunkuci wani siririn saurayi ya maka da ƙasa. Har na ɗaga hannu zan tafa, don a garinmu magana ta ƙare ke nan. Ba wanda ya ko motsa. Saurayin, yana kwance rigingine, ya naɗe ƙugun ƙaton da ƙafafunsa, ya cusa yatsu cikin wuyan rigarsa ya ja. Kafin in ƙirga goma ƙaton ya bubbuga masa kafaɗa, shi kuma nan take ya sake shi.

Mu a kokawa ƙasa ce alƙali. Ko a dandalin ƙauye bayan kaka, ko a kokawar takobi da ake yi a Nijar tun 1975, da zarar bayanka ya taɓa rairayi an kayar da kai, makaɗa sun koma wajen wanda ke tsaye. A jiu-jitsu ta Burazil kuwa, kaye maki biyu kacal ne. Ka ƙetare ƙafafun abokin karawarka maki uku, ka hau ruwan cikinsa ko ka kama bayansa maki huɗu. Amma abin da kowa ke nema shi ne shaƙa ko murɗe gaɓa har mutum ya ce ya ji.

Asalin jiu-jitsu Japan ne. Mitsuyo Maeda, ɗan makarantar judo ta Kodokan, ya iso Burazil a 1914, ya zauna a Belém, inda Carlos Gracie ya ɗauki darasi a wajensa. A 1925 Carlos ya buɗe makaranta a Rio. Ƙanensa Hélio ba shi da jiki, sai gidan Gracie ya duƙufa kan faɗan ƙasa, inda dabara ke cin ƙarfi. Ba su kaɗai ba ne, Oswaldo Fadda ma ya koyar da 'ya'yan talakawa a unguwannin bayan gari, sai dai ba a cika ambatonsa ba, kuma ina ganin ba a yi masa adalci ba. Duniya ta farga a 1993, da Royce, ɗan Hélio, ya cinye gasar UFC ta farko a Amurka, yana sa waɗanda suka fi shi nauyi miƙa wuya.

Wannan bubbugawar ita ta fi tsaya mini a rai. Mun taso muna ganin sallamawa abin kunya ne. A nan mai baƙar ɗamara, wanda ya kwashe kusan shekara goma kafin ya ɗaura ta, yakan bubbuga a gaban ɗalibansa, ya gyara riga a sake kamawa. Haka suke gwada ƙarfinsu duka kullum ba tare da an karya kowa ba. Sai dai Hélio kansa ya ƙi sallamawa a filin Maracanã a 1951, da Masahiko Kimura ya murɗe masa hannu, sai da yayansa ya jefa tawul. Har yau kimura suke kiran wannan kamun.

Abin da na rasa a nan shi ne ganga. Ba kirari, ba mai shiga fage da layu a damtse, ba guɗar mata. In an kama, numfashi kawai kake ji da ƙarar tafin ƙafa a kan shimfiɗa. Wata na uku ke nan ina zuwa da farar ɗamara, kuma har yanzu in aka kwantar da ni, jikina tashi yake so ya yi, malamin yana ta ce mini in kwanta in kama hannun riga.