Gundumar da Ba Ta da Zaure

Dattijon mutumin Maraɗi ne, amma a Treichville ya yi furfura. Kullum da sassafe yakan ƙetare gadar Houphouët-Boigny, ya ratsa Plateau, ya isa rumfarsa ta yadi a Adjamé tun kafin hayaniyar motocin gbaka ta cika titin Nangui Abrogoua. Tafiyar ba ta da nisa, sai dai a cikinta yakan taka ƙasar magadan gari uku, ko da yake shekaru da yawa bai taɓa lissafa hakan ba. Abin da ya sani shi ne tikitin kasuwa da yaran magajin garin Adjamé ke yanka masa, da takardun haihuwar 'ya'yansa da ya karɓo a ofishin magajin garin Treichville.

Jikansa ne ya tayar da maganar. Yaron ya dawo daga makaranta da jerin matakan mulkin ƙasar Kwaddebuwa, ya ce: "Kaka, yaya ake cewa département da Hausa?" Dattijon ya ce gunduma. Ya ce préfet kuma kantoma ne, wato wanda aka naɗo daga sama, ba wanda jama'a suka zaɓa ba. Da yaron ya sake tambaya, "To ina majalisar gundumar Abijan take zama?" sai kakan ya yi shiru.

Amsar ita ce ba ta zama a ko'ina, domin babu ita. Gundumar Abijan tana nan a doka, da iyakokinta da kantomanta da hatiminta, amma ba ta da zauren da zaɓaɓɓu ke haɗuwa su yi gardama a kan kuɗi. A sauran sassan ƙasar gundumomi sun taɓa samun irin wannan zaure. An zaɓi majalisunsu a watan Yuli na 2002, suka yi abin da suka iya a cikin shekarun rikici, har zuwa 2011 da gwamnatin Alassane Ouattara ta sake fasalin mulki ta soke su. Aikinsu ya koma hannun majalisun jihohi, waɗanda aka zaɓa a watan Afrilu na 2013. Tun daga nan gunduma ta zama yanki na gudanarwa kawai: hannun gwamnatin tsakiya ce, ba ta da kasafin da talakawanta za su ce nasu ne.

Abijan kuwa ko jihar ma ba ta cikinta. A 1980 an raba birnin zuwa ƙananan hukumomi 10, Adjamé da Treichville suna ciki, kowace da majalisarta, sannan da babban magajin gari a bisansu. A 2001 aka kawar da wannan kujera, aka kafa abin da ake kira District, mai gwamna wanda shugaban ƙasa ke naɗawa. District ɗin da gundumar ƙasa ɗaya suke rufewa, kamar riga biyu a jiki guda. Shi ya sa ranar 2 ga Satumba, 2023, lokacin da mutanen Bouaké da Korhogo suka jefa ƙuri'a biyu, ta gari da ta jiha, na Adjamé ɗaya kawai suka jefa. District yana da tasa majalisar, gaskiya ne, amma ba talaka ne ke zaɓen mambobinta kai tsaye ba.

A nan ne Hausar dattijon ta fara ba shi wahala. Kalmar "hukuma" tana haɗiye komai: wanda aka zaɓa da wanda aka naɗa, mai karɓar haraji da mai turo katafila, duk hukuma ne. Ɗalibin da ya fassara commune da département da District da wannan kalma ɗaya bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya ɓoye bambancin da ya fi damun mai rumfa. Akwai hukumar da za ta dawo ƙofarka bayan shekara biyar tana neman yardarka, akwai wadda ba ta da dalilin dawowa.

Bambancin ya fito fili a 2024. Bayan Robert Beugré Mambé ya zama firaminista, Ibrahim Cissé Bacongo ya karɓi gwamnan District, aka shiga rushe unguwannin da aka ce suna cikin haɗari, irin su Gesco a Yopougon da Boribana a Attécoubé. Aka kuma hana talla a manyan tituna. A watan Yuli rusau ya kai Adjamé-village, inda aka yi arangama da mazauna wurin. Rumfar dattijon tana cikin kasuwa, ba a taɓa ta ba. Amma ya ga samarin da ke yawo da kaya a ka, 'yan Tawa da Damagaram da yawa a cikinsu, suna tambayar juna wurin wa za a kai kuka. Kansilan da suka sani a fuska ba shi ya ba da umarnin ba. Wanda ya bayar kuwa yana Plateau, a bayan ƙofar da ba su san yadda ake ƙwanƙwasa ta ba.

Shi kansa ko ƙuri'a ɗayar ba shi da ita. A zamanin Houphouët-Boigny baƙi 'yan Afirka suna zaɓe, kuma ya taɓa tsayawa a layi a 1990. Dokar zaɓe ta 1994 ta keɓe wannan haƙƙi ga 'yan ƙasa. Tun daga lokacin, idan magana ta taso, hanyarsa ita ce ta sarkin Hausawan unguwa, wanda zai sa babbar riga ya je ya gaida magajin gari, ya roƙa a madadin jama'arsa.

Daren nan ya ce wa jikan ya rubuta "gunduma" a gaban département, ya bar layin majalisa babu komai. Yaron ya ce malam zai ɗauka bai yi aikin gida ba ne. Kakan ya ɗan yi tunani, sannan ya ce: "To rubuta kantoma."