Zoben da ya buɗe a Kura

Ranar Talata na tashi daga Panshekara zuwa Kura, yayana yana ɗora sabon injin casar shinkafa. Duk wanda ya san yankin Kadawa ya san kaka ta yi, daga Kura har Bunkure kowa hanzari yake ya kafa inji kafin shinkafa ta wuce shi. To a wannan hanzarin muka kusa yin kisan kai.

Motar lantarkin injin ce za a ɗaga, an riga an ɗaure ta a kan gindinta na ƙarfe, ba za su gaza kilo 600 ba a haɗe. Notin nan mai kai kamar zobe da ake ɗaurawa a samanta ya ɓata a hanya. Sai aka aika yaro wajen mai walda, ya lanƙwaso rodi, ya ɗan ɗiga masa wuta a jikin wani noti. Aka saƙala ƙugiyar cen-bulok. Na ce, “Yaya, anya wannan zai ɗauka?” Ya ce, “Kai dai ɗan boko, ƙarfe ai ƙarfe ne.” Na yi shiru, kuma wallahi shirun nan ne ya fi damuna har yanzu.

Kayan sun tashi kamar kamu biyu, zoben ya buɗe. Wani matashi cikin masu tallafewa ya janye jikinsa, amma ƙafarsa ba ta tsira ba. Yatsu biyu. Ɗan shekara 19 ne, da ƙafar yake shiga fadama.

Da dare na kira wani tsohon makanike da ya daɗe a masana’antun Chalawa. Faɗa ya fara yi mini kafin bayani. Ya ce notin ɗaga kaya na gaskiya ƙera shi ake yi a dunƙule, babu walda, kuma a jikinsa akwai tambarin nauyin da aka yarje masa. Irin na ma’aunin Jamus, DIN 580, mai kauri M12 kilo 340 ne iyakarsa idan an ja shi sama tsaye, M16 kuma kilo 700. Da sarƙa ta karkace, ƙarfin ya ragu: M16 ɗin nan yana komawa kilo 500 a karkatar digiri 45. Wanda ba shi da kafaɗa a ƙarƙashin zoben kuwa, ba a jansa a karkace sam. Mai kafaɗar ma sai an murɗa shi ya zauna daram, ba rata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce ko notin asali ne ya zo da motar, nauyinta kaɗai aka lissafa masa, ban da gindin. Ke nan ko bai ɓata ba, da kuskure muka fara.

Jiya na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, na zaga shago huɗu kafin na sami masu tambari. Kuɗin biyun bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba. Yaya ya karɓa bai ce uffan ba, shi ke biyan kuɗin asibiti. Ku sa yaron a addu’a, gobe za a sake duba ƙafar.