Karen gadi

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, dukiyar manomi tana cikin rumbu da garke. Da dare mutane suna barci, amma dila da ɓarawo idonsu biyu. Shi ya sa gidaje da yawa suke ajiye kare.

Wani manomi na kwarin Majiya ya rasa ƴan awaki uku a damina ɗaya. Da su ne za a yi wa yara tufafin salla. Sai ya tara iyalinsa don a yi shawara.

Babban ɗansa, wanda ya dawo daga cin rani, ya ce: «Baba, a Abijan na ga karen Jamus a ƙofar masu kuɗi. Ƙato ne, ko ɓarawo ya gan shi sai ya gudu.»

Uban ya ce: «Wannan gashi gare shi, na ƙasar sanyi ne. Da bazara zafinmu yakan wuce digiri 40. Kuma cinsa ya fi ƙarfin rumbunmu.»

Ƴarsa ta ce: «To Baba, karen makiyaya fa?»

Karen Azawak take nufi. Ya samo sunansa daga kwarin Azawak, arewa da Tawa, kamar shanun Azawak. Yana da dogayen ƙafafu, da siririn ciki, da gajeren gashi. Abzinawa suna kiransa oska. Yana gadin zango da dabbobi, yana kama zomo da barewa da gudu. Zafi bai dame shi ba. Tun wajejen 1970 aka fara kai irinsa Turai. Amma kare ne mai son fili, kuma wanda ya rene shi kaɗai yake yarda da shi. In an sayo babba, da wuya ya saba da sabon gida.

Kaka tana saurare. Ta ce: «Ku bar neman na nesa. Ku ɗauko kwikwiyo, amma ku fara duba uwarsa. In tana haushi da dare, ba ta cizon yara, ba ta cin kaji, ɗanta zai gado ta.»

Haka aka yi. An karɓo kwikwiyo mai wata biyu daga wata ruga. Ya girma cikin awaki, ya san muryar kowa a gidan. Kullum ana ba shi tuwo da ruwa mai tsabta, don kare mai yunwa gidan wani yake gadi. Wurin kwanansa yana bakin garke.

Da ya kai wata uku, aka kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi masa allurar haukan kare. Wannan ciwo yana kisa. Wani Bafaranshe, Luwi Pastar, ya fara yi wa mutum allurarsa a 1885. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti nan da nan.

Tambayoyi
1. Don me manomi ya ƙi karen Jamus?
2. Me Kaka ta ce a fara dubawa?
3. In kare ya ciji ƙanenka, me za ka yi?